Daga Dokta House zuwa Kofur Radar: Wa ke riƙe da asibitin talabijin?

A daren 28 ga Fabrairun 1983, mutum fiye da miliyan 105 a Amurka suka zauna gaban akwatin talabijin domin kallon kashi na ƙarshe na M*A*S*H, wasan barkwanci a kan wani asibitin tafi-da-gidanka na sojojin Amurka a lokacin Yaƙin Koriya. Har yau babu wani kashi na wasan kwaikwayo da ya tara masu kallo kamar haka a ƙasar. Sai dai abin da suka tarar a farkon shirin ba na dariya ba ne. Kyaftin Hawkeye Pierce, likitan tiyatar da ya shafe shekara 11 yana sa su ƙyaƙyatawa, yana kwance a asibitin masu taɓin hankali, saboda wani abu da idonsa ya gani a fagen daga wanda zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Tun daga wancan lokaci asibiti bai daina zama dandalin masu shirya wasanni masu dogon zango ba. An yi ER daga 1994 zuwa 2009, da Scrubs wanda ya fara a 2001, da House daga 2004 zuwa 2012, da Grey's Anatomy wanda ya fara a 2005 kuma bai tsaya ba, sai na baya-bayan nan, The Pitt, da ya fito a Janairun 2025. Masu kallo a Najeriya sun san su ta tashoshin tauraron ɗan Adam da faifan bidiyo da kuma intanet.

Muhawarar da aka saba yi a kansu ita ce wane likita ya fi wani kaifin basira. Amma idan aka jera su aka auna da wasu ma'aunai, wato yadda kowanne ke ɗaukar kuskure, da wanda ke biyan bashin dokar da ya karya, da wanda ke tafiyar da aikin a bayan fage, sai wani abin mamaki ya fito. Wasannin barkwanci, waɗanda ake yi wa kallon shirme, sau da yawa sun fi na alhini faɗin gaskiya game da yadda ma'aikata ke rayuwa.

Gwanaye biyu masu kaifin harshe

Dokta Gregory House, wanda jarumin Birtaniya Hugh Laurie ya fito a matsayinsa, shi ne shugaban sashen gano cututtuka a wani asibitin koyarwa a jihar New Jersey. Yana dogara sanda saboda lalurar da ta kashe masa naman cinya, yana haɗiyar ƙwayar kashe zafi ta Vicodin kamar gyaɗa, kuma aƙidarsa ita ce babu majiyyacin da ke faɗin gaskiya. Don haka ba ya son zuwa gefen gadon mara lafiya. Ya gwammace ya tura yaransa su fasa gidan mutum su binciko abin da yake ɓoyewa. David Shore, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya gina shi ne a kan Sherlock Holmes, shahararren jami'in binciken nan na littattafan Ingila, har lambar gidansu ɗaya ce, 221B. Shi kuma Holmes, marubucinsa ya samo kamanninsa ne daga wani likitan gaske, Joseph Bell na birnin Edinburgh. A 2008 an ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 81 a ƙasashe 66 ne suka kalli House.

Dokta Perry Cox na Scrubs, wanda John C. McGinley ya taka, bai fi House daɗin baki ba. Yana yi wa ƙananan likitoci dogon faɗa ba numfashi, kuma da ƙyar yake kiran yaronsa J.D. da sunansa, sai dai ya laƙaba masa sunayen mata iri-iri. Wanda ya kalli minti biyar na kowane shiri zai ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Bambancin yana wurin abin da kowanne ke so. House cutar yake so, domin ita ce wasan ƙwaƙwalwar da ke ɗauke masa kewa da zafin ƙafa. Da ya gano sunanta, sha'awarsa ta ƙare. Majiyyaci ɗaya yake karɓa a mako, da likitoci uku ƙwararru a ƙarƙashinsa, kuma kullum yana neman hanyar zille wa duba marasa lafiya na yau da kullum. Cox kuwa ɗaki guda yake riƙe da shi, cike da tsofaffi da masu ciwon suga da masu ciwon zuciya, waɗanda babu wani sirri a cutarsu. Faɗansa horo ne, domin ya san ranar da zai juya baya yaron nan ne zai tsaya a kan ran wani. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin shugaba mai zafi ya san waɗannan nau'o'i biyu: akwai wanda ke tsawa don aiki ya gyaru, akwai wanda ke yi don a san shi ne gwani.

Ranar da majiyyaci ya mutu

A zango na biyar na Scrubs, a 2006, wata mata ta rasu, aka ɗauka hodar iblis ce ta yi mata yawa. Cox ya matsa aka dasa sassan jikinta ga majiyyata uku da ke jiran dashe. Daga baya gwaji ya nuna ciwon haukan kare ne ya kashe ta. Ɗaya bayan ɗaya, duka ukun suka mutu. Na ukun shi ya fi karya shi, domin mai jiran ƙoda ne, wanda da an dakata zai iya ƙara wata guda a raye. Cox ya fice daga asibitin ya faɗa shan giya, ya daina magana. Sai yaron nan da yake raina wa wayo ne ya zauna kusa da shi, ya nuna masa cewa likitan da har yanzu mutuwa ke girgiza shi bayan shekaru masu yawa, irinsa yake fatan zama. Labarin ba ƙirƙirar banza ba ce. A 2004 an samu irin wannan a jihar Texas, inda mutanen da aka yi wa dashe daga jikin mutum ɗaya suka mutu da wannan ciwo.

Tun a kashi na huɗu na shirin marubutan suka nuna inda suka dosa. Sababbin likitoci uku, kowanne da majiyyacinsa, an shirya wa mai kallo cewa ɗaya daga ciki zai mutu. Aka tashi babu ko ɗaya da ya rayu.

A ɓangaren wasannin alhini, ER ne ya fi kusantar wannan gaskiya. Dokta Mark Greene, wanda Anthony Edwards ya taka a asibitin gwamnati na Chicago, mutum ne mai sanyin hali, mai sanƙo, ga aure yana tangal-tangal. A wani kashi na 1995 ya duba wata mai juna biyu ya ce ciwon mafitsara ne, alhali hawan jinin masu ciki ne mai haɗari. Likitocin haihuwa suna can aiki ya sha kansu, shi kuma ya ci gaba da ƙoƙari shi kaɗai har matar ta rasu, jaririn ya tsira. Greene bai samu wata fasaha ta minti na ƙarshe ba. Ya fuskanci mijin, ya fuskanci taron bitar likitoci da ƙarar kotu, sannan ya koma bakin aiki.

House ma yana rasa majiyyata jefi-jefi, amma tsarin shirin a san shi yake: a yi kuskure sau biyu ko uku, mara lafiya ya kai bakin kabari, sai wata magana da abokinsa Wilson ya yi ta haska masa amsa.

Irin wannan tsari yana da tasiri a wajen akwatin talabijin. A 1996 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa wani bincike a kan yadda shirye-shirye uku, ER da Chicago Hope da Rescue 911, ke nuna aikin danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. An gano cewa kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa a talabijin sun farfaɗo nan take. A asibitin gaske kuwa, galibin waɗanda aka yi wa wannan aiki ba sa rayuwa har a sallame su. Dangin da suka saba ganin mu'ujiza duk mako, da wannan tsammani suke shiga asibiti, kuma idan ba ta faru ba, wanda ke tsaye da farar riga shi ake tuhuma.

Kura da shan bugu

Babu abin da wasannin alhini ke so kamar likitan da ke take doka saboda tausayi. Dokta Doug Ross na ER, rawar da ta fito da George Clooney duniya, likitan yara ne mai farin jini wanda ba ya jin kira. A 1999 ya nuna wa wata uwa yadda za ta sarrafa na'urar ba da maganin kashe zafi ga ɗanta da ke fama da cutar da ba ta warkewa, yaron ya rasu. Ross ya ajiye aiki ya koma Seattle. Waɗanda ya bari su suka kwashi kashinsu a hannu: Carol Hathaway, shugabar ma'aikatan jinya, ta rasa ragamar ƙaramin asibitin kyauta da ta sha wahalar kafawa, shi ma Greene ya shiga tuhuma saboda rufa masa asiri da ya yi a baya.

Grey's Anatomy na Shonda Rhimes ya kai abin ƙololuwa. A 2006 Izzie Stevens, ƙaramar likita da ta kamu da son majiyyacinta Denny Duquette, ta yanke wayar na'urar da ke taimaka wa zuciyarsa, domin jikinsa ya tsananta a sa shi gaba a layin masu jiran dashe. Ya samu zuciyar, wadda da wani za a bai wa, kuma duk da haka ya mutu. Bayan ɗan lokaci Izzie ta dawo aiki a ƙarƙashin sa ido. Ita ma Meredith Grey, tauraruwar shirin, ta sauya maganin gwaji a wani bincike kan cutar mantuwa domin matar shugabanta ta amfana. Da asiri ya tonu, shugaban, Richard Webber, shi ya ɗauki laifin ya sauka daga kujerarsa. House kuma ya wuce su duka. A ƙarshen zango na bakwai ya afka da mota cikin gidan shugabarsa, ya yi zaman kurkuku, aka sake dawo da shi ofis domin babu mai iya aikinsa.

Saƙon da ke ƙarƙashin waɗannan labarai guda ne: idan kana da baiwa, doka ta wasu ce. The Pitt ya bi wata hanya dabam. Zangon farko na shirin yana da kashi 15, kowanne awa guda daga cikin yini ɗaya na aiki a sashen agajin gaggawa na wani asibiti a Pittsburgh. A ciki, wata sabuwar likita, Trinity Santos, a ranarta ta farko ta lura cewa babban likita mai neman ƙwarewa, Frank Langdon, yana satar ƙwayoyi. Ta kai rahoto duk da tsoron abin da zai biyo baya. Shugaban sashen, Dokta Robby, wanda Noah Wyle ya taka, ya buɗe akwatin ajiyar Langdon, ya ga ƙwayoyin, ya kore shi gida nan take, duk da cewa shi ne yaronsa na hannun dama. Abin da House ya yi shekara takwas ana tafa masa, a nan ya zama abin kunya da neman magani.

Masu riƙe da biro

A kusan kowane shiri akwai shugaban gudanarwa da aka tanada domin masu kallo su tsane shi. Amma idan aka duba da kyau, su ne suka fi kowa ɗaukar kaya.

Dokta Lisa Cuddy, shugabar asibitin House, ta taɓa shaida masa cewa tun ranar da ta ɗauke shi aiki ta ware Dala 50,000 duk shekara domin kuɗin lauyoyi. A zango na farko wani attajiri, Edward Vogler, ya bai wa asibitin Dala miliyan 100 ya zama shugaban kwamitin gudanarwa, sannan ya nemi a kori House. Cuddy ta juya masa baya, ya tafi da kuɗinsa. Shirin ya nuna wannan a matsayin nasara, duk da cewa ita kanta ta tunatar da su yawan rayukan da kuɗin zai iya cetowa.

Dokta Bob Kelso na Scrubs, wanda Ken Jenkins ya taka, an fara nuna shi a matsayin mugu mai murmushin ƙarya, wanda ba ya ganin majiyyaci sai takardar inshorarsa. Duk yamma yakan fita yana fito, kamar babu abin da ya dame shi. Sai aka zo wani kashi da gurbi ɗaya ya rage a gwajin wani sabon magani, ga majiyyata biyu. Kelso ya bai wa mai kuɗi, talakan ya mutu. Gudummawar da mai kuɗin ya bayar ita ta sake buɗe sashen kula da masu juna biyu da aka rufe saboda rashin kuɗi. A ranar, Kelso ya sauko daga matakalar asibiti bai yi fito ba. Shekaru bayan haka Cox, wanda ya daɗe yana zaginsa, ya gaji kujerar, ya tarar da kasafi da tarurruka da takardu sun raba shi da marasa lafiya da iyalinsa, har ya koma neman shawarar tsohon abokin gabarsa. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma wasan barkwanci ne ya fi fito da ma'anar maganar.

Dokta Miranda Bailey ta Grey's Anatomy, wadda Chandra Wilson ke takawa, ta bi irin wannan tafarki. Ta fara a matsayin mai horar da sababbin likitoci, gajeriya mai tsanani da kowa ke shakka, ta zama shugabar sashen tiyata a 2015. A 2019 ita ce ta sallami Meredith da Webber da Alex Karev daga aiki kan zambar inshora, mutanen da biyu daga cikinsu ita ta rene su, ɗayan kuma shi ya rene ta.

Akawu da ma'aikatan jinya

A M*A*S*H, kwamandan farko na asibitin shi ne Laftanar Kanar Henry Blake, likita nagari amma shugaba mai rauni, wanda hankalinsa ya fi karkata ga kamun kifi. Wanda ke tafiyar da sansanin a zahiri shi ne akawunsa, Kofur Radar O'Reilly, ɗan ƙauye daga jihar Iowa mai kwana da 'yar tsana. Radar yana jin ƙarar jirage masu saukar ungulu ɗauke da waɗanda suka ji rauni kafin kowa ya ji. Yana ƙarasa wa maigidansa magana kafin ya rufe baki. Yana miƙa masa takardu ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, kuma ta wayar tarho yake cinikin ban gishiri in ba ka manda da akawunan sauran rundunoni, har a samu magani ko jini ko bargo. Hawkeye na iya yi wa janar-janar ba'a, amma ba zai yi tiyata ba sai da kayan da Radar ya samo.

A Maris na 1975 shirin ya yi abin da ba a saba gani a barkwanci ba. An sallami Blake daga soja, ya yi bankwana ya hau jirgi. Radar ya shigo ɗakin tiyata ba tare da takunkumi ba, ya karanta saƙon cewa an harbo jirgin a kan Tekun Japan, babu wanda ya tsira. Likitocin suka ci gaba da aiki cikin hawaye, domin akwai mutane a kan gadon tiyata. Lokacin da shi kansa Radar ya tafi a 1979, wanda ya gaje shi, Klinger, ya sha tsangwama kafin ya gane kan aikin, kuma a nan ne kowa ya san nauyin da yaron yake ɗauke da shi.

Haka abin yake ga ma'aikatan jinya. A House da Grey's Anatomy kusan ba a ganin su, likitoci ne ke ɗibar jini, su tura gado, su zauna gadin majiyyaci da dare, abin da ƙungiyoyin ma'aikatan jinya a Amurka suka daɗe suna kuka a kai. A Scrubs kuwa, Carla Espinosa ce ke koya wa sababbin likitoci aikin da makaranta ba ta koya musu ba, kuma ita kaɗai ce Cox ke shakkar yi wa tsawa. The Pitt ya bi sahu da Dana Evans, shugabar ma'aikatan jinya da ta san inda kowane gado da kowane majiyyaci yake. A tsakiyar yinin wani da ya gaji da jiran layi ya naushe ta a fuska, ta goge jini ta koma aiki, amma da yamma ta kwashe hotunan iyalinta daga tebur. A bikin kyaututtukan Emmy na 2025, Katherine LaNasa da ta taka wannan rawa ta samu kyauta, Noah Wyle ma ya samu, shirin kuma ya zama gwarzon wasannin alhini na shekarar.

Abin da ma'aunin ya nuna

Dalilin da barkwanci ya fi kusantar gaskiya ba ɓoyayye ba ne. Wasan alhini yana buƙatar gwarzo, gwarzo kuma yana buƙatar a kawar da kowa gefe domin a gan shi. Barkwanci kuwa daga raunin mutane yake samun abincinsa: tsoron ƙaramin ma'aikaci, girman kan babba, takardar da ta ɓata, kayan aikin da ba su iso ba. Ba zai yiwu a yi shi ba sai an nuna ma'aikatar gaba ɗayanta, daga shugaba har mai shara. Bill Lawrence ya samo labaran Scrubs na farko daga abokinsa, Dokta Jonathan Doris, M*A*S*H kuma ya samo asali daga littafin wani likitan tiyata da ya yi aiki a Koriya. ER da The Pitt, waɗanda suka fi sauran wasannin alhini gaskiya, sun yi hakan ne saboda sun yarda su nuna cunkoson ɗakin jira da ƙarancin gadaje da gajiyar ma'aikata.

House zai ci gaba da burge masu kallo, kuma ya cancanta, domin Laurie gwani ne. Sai dai mai kallon da ke tashi da safe ya tafi ofis ya san cewa mutum irin House ba ya rayuwa sai da wata Cuddy mai share masa ɓarna da wasu yara masu haɗiye wulaƙanci. Idan tambayar ita ce wa mutum zai so ya tarar a bakin aiki ranar da aka kawo ɗan'uwansa cikin dare, amsar ta fi kama da Mark Greene ko Perry Cox, da Carla ko Dana a gefensu, da wani Radar a ofis wanda ya riga ya tabbatar akwai jini a ma'ajiya da mai a janareta.